Fasahar Gyaran Haƙoran Gaba: Daga Cikon Roba Zuwa Haƙorin Da Kwamfuta Ke Sassaƙawa

Na san wani zai ce me ya haɗa shafin wayoyi da kwamfutoci da zancen haƙori. A yi mini uzuri, akwai dalili.

Bara waccan ina haɗa igiyar intanet a ɗakina, na nemi filaya ban gani ba, sai na kai wayar baki don in feɗe robarta da haƙori, kamar yadda da yawanmu muka saba. Sai na ji ƙas. Kusurwar haƙorina na gaba, na sama, ta ɓalle. Wurin da na fara zuwa aka ce mini za a goge haƙoran gaban guda biyu, da mai karayar da lafiyayyen, a sa musu hula don su yi kama da juna. Na ce a ba ni lokaci. Na koma gida na yi abin da duk mai rubuta manhaja yake yi idan aka ba shi amsar da ba ta kwanta masa ba, wato na zauna na yi ta karatu. Likita na biyu da na gani ya gina mini kusurwar da wani ciko mai launin haƙori cikin ƙasa da awa ɗaya, bai taɓa lafiyayyen haƙorin ba. Ni ba likita ba ne, abin da zan kawo a nan bayanin fasahar ne kamar yadda na fahimce ta.

Me ya sa haƙorin gaba ya fi wahala?

Haƙorin tauna ƙarfi kawai ake nema a wurinsa, babu mai leƙa shi. Na gaba kuwa dole ya ruɗi idon mutum, kuma ido ba ya ruɗuwa da sauƙi. Mu masu zanen shafuka mun san farin da kwamfuta ke kira #FFFFFF. To babu haƙorin ɗan Adam mai wannan launi. Haƙori hawa biyu ne. A waje akwai ɓawo mai ƙyalli da ake kira inamel, kusan kashi 96 cikin 100 nasa ma'adini ne, kuma shi ne abu mafi tauri a jiki. Haske yana ratsa shi kamar gilashi mai hazo. A ƙarƙashinsa akwai dentin, mai ɗan ruwan ɗorawa, kuma daga nan ne ainihin launin haƙori yake fitowa. Ka duba madubi: kusa da dasashi haƙorinka ya fi duhu domin ɓawon siriri ne a wajen, bai kai rabin milimita ba, bakin haƙorin kuma yana da ɗan shuɗi-shuɗi domin kusan ɓawo ne zalla. Duk abin da za a sa a gurbinsa sai ya kwaikwayi wannan tafiya ta haske, in ba haka ba daga nesa za a gane.

Wani abu kuma, inamel ba ya sake tsirowa. Farce yana tofowa, fata tana warkewa, ƙashi yana ɗoruwa. Abin da aka goge daga inamel ya tafi. A riƙe wannan, za mu dawo kansa.

Matsalar farko gam ce

A 1928 wani likitan haƙori a Kalifoniya mai suna Charles Pincus ya riƙa yi wa 'yan fim ɗin Holiwud wasu siraran marafe da suke liƙawa a gaban haƙoransu lokacin ɗaukar fim. Ana gamawa ake cirewa, domin babu gam ɗin da zai riƙe su. Inamel sulɓi gare shi, baki kuma kullum a jiƙe yake. Don haka shekara da shekaru hanyar riƙe ciko ita ce a haƙa rami a cikin haƙorin, a yi masa lungu, a danna cikon ya maƙale. Wato sai an ƙara ɓarna kafin a yi gyara.

A 1955 Michael Buonocore, wani mai bincike a Rochester ta jihar New York, ya ari dabarar masu fentin ƙarfe, waɗanda ke wanke ƙarfe da asid kafin su shafa fenti. Ya shafa asid ɗin fosforik a kan inamel, sai ya ga roba ta kama shi gam. Asid ɗin yana cin saman ɓawon kaɗan, ya bar dubban ƙananan ramuka da ido ba ya gani, ruwan gam ya shiga ciki ya daskare kamar saiwa. Har yau da wannan dabara ake aiki. Shuɗin man nan da likita ke ɗigawa a haƙori na daƙiƙa 15 zuwa 30 kafin ya wanke, shi ne asid ɗin, mai ƙarfin kashi 35 zuwa 37. A ganina duk abin da ya biyo baya a kan wannan ya tsaya, domin daga ranar da aka iya liƙa abu a jikin haƙori, buƙatar fafe shi ta ragu.

Kwamfozit: roba da garin gilashi

Cikon da aka sa mini sunansa kwamfozit. Haɗi ne na ruwan roba mai kauri da garin gilashi ko silika. Robar da aka fi amfani da ita, Bis-GMA, Rafael Bowen ne ya samar da ita a Amurka a farkon shekarun 1960. Ita kaɗai tana tsukewa idan ta daskare kuma ba ta da ƙarfi, garin ne yake ba ta jiki.

Tarihin ci gaban kwamfozit kusan tarihin ƙanƙanta wannan gari ne, kamar yadda tarihin kwamfuta yake tarihin ƙanƙanta tiransisto. Na farko-farko ƙwayoyinsu manya ne, maikron 10 zuwa 50, alhali kaurin gashin kai wajen maikron 70 ne. Suna da ƙarfi, amma idan buroshi ya cinye robar da ke tsakaninsu sai saman ya yi kaushi, ya kama launin shayi da goro. A ƙarshen shekarun 1970 aka fito da masu ƙwaya 0.04 na maikron. Waɗannan suna ƙyalli amma suna saurin ɓantarewa. Sai aka riƙa gauraya manya da ƙanana. A farkon shekarun 2000 kamfanin 3M ya fito da Filtek Supreme, mai ƙwayoyin silika na nanomita 20 da na zirkoniya da ba su kai haka ba, an dunƙule wasunsu kamar curin fura. Hasken da ido ke gani tsawon zangonsa tsakanin nanomita 400 ne da 700. Ƙwayar da ta gaza wannan nesa ba kusa ba ba ta tare haske sosai, kuma idan ta fita daga saman cikon, ramin da ta bari ido ba ya ganinsa. Shi ya sa ƙyallin yake daɗewa.

Ita kuwa tocilan mai shuɗin haske da likita ke haskawa, ba ado ba ce. A cikin kwamfozit akwai sinadarin kamfokwinon, wanda ke farkawa idan hasken da ke wajen nanomita 470 ya same shi, sai ya sa robar ta daskare cikin kusan daƙiƙa 20. Kafin wannan, haɗa abu biyu ake yi a kwaɓa, likita yana tsere da lokaci. Yanzu yana iya zama ya sassaƙa yadda yake so, sai ya gamsu ya kunna wuta. Ƙwan da ke cikin tocilan ɗin shuɗin LED ne, ɗan gidan su wanda ke haska allon wayarka, wanda ya sa aka ba Akasaki da Amano da Nakamura kyautar Nobel a 2014. Hasken ba ya shiga da nisa, don haka a hankali ake ɗorawa, kowane hawa bai wuce milimita 2 ba. Wannan ma ya zama alheri a haƙorin gaba: likita ya sa mai duhu a ciki a matsayin dentin, ya rufe da mai ratsa haske a matsayin inamel.

Zaɓen launi shi ma aiki ne. Akwai wani allon gwaji na kamfanin VITA na Jamus mai launi 16, daga A1 zuwa D4, ana kara shi kusa da haƙori a zaɓa. Ana yin haka tun kafin a fara aiki, domin haƙori idan ya bushe yana ƙara haske na ɗan lokaci. Kada ka dogara da hoton wayarka wajen wannan, manhajar kyamara tana gyara fari yadda ta ga dama. Akwai na'ura ta musamman, irin su VITA Easyshade, da ke auna launin kai tsaye.

Wanda ya fi burge ni a wannan fage shi ne Omnichroma na kamfanin Tokuyama na Japan, wanda ya fito a 2019. Ba a zuba masa rini ba. Ƙwayoyinsa mulmulallu ne, girmansu ɗaya, nanomita 260, kuma wannan girman ne yake sa su mayar da haske mai ja-ja da ruwan ɗorawa, wato yankin da launin haƙoran mutane yake. Irin abin da ke faruwa ne a bayan faifan CD ko gashin ɗawisu, inda siffa ce ke haifar da launi. Sauran launin kuma yana arowa daga haƙorin da ke kewaye da shi, shi ya sa kamfanin ke cewa tandu ɗaya ya wadatar wa launuka 16 ɗin nan. Amma a irin karayata, inda babu haƙori a bayan cikon, duhun cikin baki zai aro, sai ya yi toka-toka. Dole sai an fara sa wani mai tare haske a baya.

Tabon da ba ya buƙatar injin gogewa

Akwai matsalar da ta shafe mu kai tsaye. A wuraren da ruwan sha yake da sinadarin fuloraid fiye da kima, yara kan taso da haƙora masu farin tabo kamar alli, ko ruwan ƙasa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa iyakar miligiram 1.5 a kowace lita. An san wannan matsala a yankin Kaltungo na jihar Gombe da Langtang a Filato, a Nijar kuma labarin Tibiri da ke kusa da Maraɗi sananne ne. Mutane da yawa suna ɗauka rashin wanke baki ne, alhali tun haƙorin yana cikin dasashi tabon ya samu.

Farin tabon nan wasan haske ne. A wurin, inamel yana da ƙananan ƙofofi cike da iska ko ruwa. Ma'aunin lanƙwasa haske na inamel 1.62 ne, na ruwa 1.33, na iska 1.0. Saboda wannan bambanci haske yana warwatsewa, ido ya ga fari. A 2009 kamfanin DMG na Jamus ya fito da Icon: a buɗe saman da asid, a busar, a bar wata ruwan roba mai tsinkewa ta tsotsu cikin ƙofofin, a haska. Ma'aunin robar wajen 1.5 ne, kusa da na inamel, sai tabon ya dushe. Babu allura, babu haƙa. Ya fi aiki a kan tabo marar zurfi. Mai duhu sosai yakan buƙaci a haɗa da wasu hanyoyin.

Tangaran da 'yan uwansa

Kwamfozit yana da iyaka. Roba ce, tana tsufa, gefenta yana kama launi, bayan wasu shekaru sai an goge ko an sabunta. Idan ɓarnar ta yi yawa sai a koma ga tangaran. Nan akwai kalmomi biyu da ya kamata kowa ya bambance. Biniya siririn marfi ne da ake liƙawa a fuskar haƙori kawai, kaurinsa 0.3 zuwa 0.7 na milimita, kamar farcen roba. Hula kuwa, wadda likitoci ke kira kirawun, tana rufe haƙorin ne ta kowane gefe, sai an zagaye shi da gogewa kafin ta shiga.

Tsohuwar hula ƙarfe ce a ciki, tangaran a waje. Tana da ƙarfi, amma ƙarfen yana tare haske, kuma idan dasashi ya ja baya sai a ga baƙin layi a gindin haƙorin. Wataƙila ka taɓa lura da shi a bakin wani dattijo. A farkon shekarun 1980 aka gano cewa tangaran ma ana iya cin cikinsa da asid ɗin haidirofulorik a liƙa shi a inamel, sai mafarkin Pincus ya tabbata bayan fiye da shekara 50. Tangaran na gargajiya har yau shi ya fi kowa kyau a hannun gwani, sai dai ƙarfinsa bai cika wuce megafaskal 100 ba. Kafin a liƙa shi, da yatsa ma za ka iya fasa shi.

Wanda ya sauya kasuwar shi ne litiyam daisiliket, wanda aka fi sani da sunan IPS e.max na kamfanin Ivoclar da ke ƙasar Liechtenstein, tun daga 2005. Gilashi ne da aka sa ƙananan duwatsu masu siffar allura suka tsiro a cikinsa, suna sarƙe da juna, idan tsaga ta taso sai ta rasa hanya miƙaƙƙiya. Ƙarfinsa wajen megafaskal 400, kuma haske yana ratsa shi. Asalin wannan dangi kuskure ne ya haife shi: a 1953 murhun Donald Stookey na kamfanin Corning ya zarce zafin da aka sa masa, daga digiri 600 ya kai 900, gilashin ya fito fari kamar madara, ya faɗi ƙasa bai fashe ba. Gilashin Ceramic Shield da Apple ya fara sawa a iPhone 12, shi ma daga wannan dangi yake.

Sai zirkoniya, wadda wasu wayoyi irin su Mi Mix na Xiaomi suka yi bayansu da ita. Nau'inta na farko ƙarfinsa ya kai megafaskal 1,000 ko fiye, kuma tana da wata dabara: idan tsaga ta fara, ƙwayoyin da ke bakin tsagar sai su sauya siffa su kumbura da kashi 3 zuwa 5, su matse ta. Aibinta shi ne fari fat take kamar alli. Don a sa haske ya ratsa ta aka ƙara mata sinadarin itiriya, daga kashi 3 zuwa 5. Ta yi kyau, amma ƙarfin ya sauko sosai kuma dabarar matse tsagar ta ragu. Ga shi asid ba ya cin ta, liƙa ta sai da wani gam na daban. Idan aka ce maka zirkoniya ta fi ƙarfi, gaskiya ne, amma ka tambaya wace iri, kuma ka tuna haƙorin gaba ba shi ne ke fasa ƙashi ba.

Inda kwamfuta ta shigo

A 1985 a Jami'ar Zurik ta Siwizalan, likita Werner Mörmann da injiniya Marco Brandestini suka yi wa mutum na farko ciko da na'urarsu CEREC: kyamara ta ɗauki siffar haƙori, kwamfuta ta zana, inji ya sassaƙa. Yau maimakon a cika maka baki da laka don ɗaukar awo, sai a zagaya da sikana mai kamar babban buroshi, irin TRIOS na 3Shape. Tana haɗa dubban hotuna su zama siffa mai tudu da kwari, galibi a fayil ɗin STL, wanda duk mai wasa da firintar 3D ya sani. A buɗe shi a manhaja irin exocad, a zana haƙorin, a tura wa inji.

Abubuwa biyu sun ba ni sha'awa a nan. Dunƙulen e.max da ake sa wa inji launin shuɗi-shuɗi ne kuma bai gama tauri ba, don ya yi sauƙin yanka. Sai an gasa shi a wajen digiri 850 yake komawa launin haƙori ya yi ƙarfi. Zirkoniya kuma tana tsukewa da kusan kashi 20 zuwa 25 idan aka gasa ta a wajen digiri 1,500, don haka manhajar takan ƙara girman zanen daidai da lambar da ke jikin kowane dunƙule. A shigar da lambar ba daidai ba, hula ta ƙi zama. Firintar 3D ma ta shigo, amma abin da take bugawa yawanci roba ce mai garin tangaran, ta fi amfani wajen samfuri da haƙorin wucin gadi.

Babban amfanin wannan a wurina shi ne gwaji. Ana iya zana sabon murmushin, a buga samfurinsa, a ɗora maka na roba a kan haƙoranka ba tare da an goge komai ba, ka duba madubi, ka nuna wa na gida. Kuma ka yi magana. Siffofin da ke zuwa a cikin manhajojin nan jerarru ne, a matse, babu tazara. A wasu ƙasashen kuɗi ake biya a toshe wushirya, mu kuwa ado ce a wurinmu. Idan kana son taka, ka faɗa tun a kan allo.

Abin da ba shi da Ctrl+Z

Yanzu mu dawo kan inamel. A 2002 Edelhoff da Sorensen suka auna nauyin abin da ake cirewa daga haƙorin gaba. Biniya da makamantanta suna cin kashi 3 zuwa 30 na ɓangaren haƙorin da ke waje. Hula tana cin kashi 63 zuwa 72. Da na ga waɗannan lambobi na tuna lafiyayyen haƙorina da aka so a sa wa hula don kawai ya yi kama da ɗan uwansa, sai da gabana ya faɗi.

Bidiyoyin da ke yawo a TikTok da Instagram na masu zuwa Turkiyya su dawo da haƙora farare tas, da yawansu ana kiran abin biniya, amma idan ka ga hoton tsakiyar aikin, haƙoran an fiƙe su kamar tsinke. Wannan hula ce. BBC ta yi shiri a kan lamarin a 2022. Ba a Turkiyya kaɗai ake yi ba, kuma akwai ƙwararru a can. Matsalar ita ce ɗan shekara 25 da ya sa hula 20 ya ɗaura wa kansa hidimar sauya su har ƙarshen rayuwarsa, domin babu wadda ke dawwama, kuma wasu haƙoran jijiyarsu kan mutu bayan irin wannan gogewa. Ko biniya mai kyau, wadda bincike da dama ya nuna fiye da kashi 90 suna kai shekara 10, ta fi riƙo ne idan a kan inamel aka liƙa ta. Idan an goge har an kai dentin, gam ɗin ba ya kamawa kamar haka.

Hula tana da wurinta, misali haƙorin da ya karye sosai ko wanda aka cire wa jijiya ya yi rauni. Amma kafin inji ya taɓa bakinka, ka tambayi likita milimita nawa zai cire, ko aikin zai tsaya a inamel, da kuma abin da zai hana a fara gwada kwamfozit. Idan kwamfozit bai yi ba, gobe ana iya hawa zuwa biniya. Daga hula kuwa ba a saukowa. Mai niyyar ƙara wa haƙoransa haske kuma ya fara yin wannan, ya jira kamar mako biyu, sannan a zaɓi launin ciko, domin maganin haskakawa ba ya aiki a kan kwamfozit ko tangaran.

Nawa cikon yanzu ya shiga shekara ta biyu. Gefensa ya ɗan kama launin shayi, an goge mini shi sau ɗaya cikin 'yan mintuna ya koma daidai. Abin da ya fi ba ni haushi shi ne abin da likitan ya gaya mini a ranar farko, da ya tambaye ni ina guntun da ya ɓalle na ce na jefar. Ashe da na saka shi a cikin madara na zo da shi, da shi ɗin zai liƙa mini da wannan gam ɗin na Buonocore, ba sai an nemi launi ba.